Usur a Wuyan Mai Shayi

Kwana uku na bar murhuna ba wuta,
na tafi makarantar da ban taɓa zata ba:
ɗaki mai fanka ɗaya bayan caji ofis na Gadarif,
mu ashirin da bakwai a kan benci,
direbobin raksha, ladan, 'yan dako,
da ni, Mardiyya mai shayin bakin tasha.

Laftana Muzammil ya zana jaka a allo.
Ya ce, jakar da ba ta da mai ita,
motar da ta kwana inda mota ba ta kwana,
mai tambayar yaushe kasuwa ta fi cika
alhali ba saye ya kawo shi ba.
Kada ku taɓa, kada ku yi ihu.
Ku janye mutane kamar yadda ake janye yaro daga bakin rijiya,
sannan ku kira mu.

Na ɗaga hannu. Na ce, ranka ya daɗe,
kakata da ƙafa ta iso garin nan daga yamma,
shekara bakwai tana bin hanyar Makka,
ƙunshi a ka, ba wanda ya san sunan ubanta.
Da an raba usur a wancan zamani,
ita za a fara busa wa.

Ya yi shiru, fanka tana ta kuka.
Ya ce, Haja, ban ce ki dubi fuska ba,
ko harshe, ko launin fata.
Abin da hannu ya aikata za ki duba.

Suka rataya mini usur, suka ba ni lamba.
Na koma ga citta da kirfa da gawayina.

Wata Laraba, tsakiyar kakar riɗi,
tasha ta cika da masu zuwa yanka,
sai ga jaka shuɗiya a ƙarƙashin bencina,
an ɗaure bakinta da waya.
Na tambayi na dama, ya ce ba tasa ba ce.
Na hagu ya girgiza kai.
Shayi ya tafasa, ya zube, ya kashe rabin wuta.
Gwiwata ta yi ruwa, amma bakina bai yi ba.
Na ce, jama'a, ku koma inuwar darbejiya,
hayaƙi zai dame ku a nan.
Na ja yaran mai gyaɗa da hannu biyu,
na danna lambar, yatsa na ɓari.

Suka zo, suka kewaye wurin da igiya.
Tasha ta yi tsit, har kukan kurciya ana ji.

Lauje biyu.
Bargo mai faci.
Busasshiyar kuɓewa a leda,
da takalmin jariri, sabo, ba a ko cire takardarsa ba.

Mai ita ya fito daga masallaci da gudu,
dattijo, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba.
Ya ce sunansa Jibo, daga Mai Wurno,
jika aka haifa masa, ita ya saya wa.
Ya dubi kayansa a shimfiɗe gaban duniya,
ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Laftana ya ce, daidai kika yi, Haja,
gobe ma haka za ki yi.
Na san gaskiya ya faɗa.
Amma gaskiya ba ta ninke bargo,
sai da na durƙusa na ninke da kaina.

Na hura wuta, na haɗa masa mai madara,
sukari cokali uku, ban karɓi ko sisi ba.
Ya kurɓa, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, da jikata na cikin yaran da kika ja,
da na gode miki.
Ya sake kurɓa. Ya ce, ai na gode ɗin.

Usur na nan a wuyana har yau,
ƙarƙashin mayafi, yana ɗaukar ɗumin jikina.
Duk wanda ya sauke kaya a gabana
sai na tambayi sunansa da garinsu,
kafin in tambaye shi sukari nawa.